Ranar Da Anka Buɗe Tankin Saratu

Abin da zan faɗa maku ya faru ne shekarar da gulbi ya yi cikar da ta raba gari da jami'a, har mutane sunka koma shiga kwalekwale kamar zamanin kakanninmu. Malam, kakanku, bai daɗe da rasuwa ba, don ban ma gama rabar da tufafinsa ba. Kalanzir ya yi wuya a shekarar, itace kuwa sai wanda ya isa. A shekarar anka haife ka, kai Mai-sunan-Malam, kuma kai ka jawo wannan rubutu. Da sallar da ta wuce ka zo gaishe ni, ka zauna bakin tabarma kana latsa waya, ka ce da ni ba tare da ka ɗago kai ba:

"Kaka, wai da gaske na kin bar gidanmu sabadda kashin shanu?"

Ban ba ka amsa ba ranar, goro na miƙa maka ka kai wa uwarka. Amma maganar ta zauna mani a ƙirji. Ashe abin da ake gaya maku ke nan a gidanku na Tudun Wada. To ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, kuma ba a taɓa kayar da ni a zance ba. Na ce wa Saratu ta rubuta mani, ta ƙi, ta ce a bar abin da ya wuce. Sai na sa ɗiyar maƙwabta. Tana gyara mani magana ta koma irin ta littafi, na ƙyale ta, amma na ce inda mutane sunka yi magana ta bar shi yadda ya fito daga bakinsu.

Sunana Hauwa'u, ana ce mani Kulu mai ƙuli. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mani, babanku da gwaggonku Saratu. Babanku ɗan fari ne, kuma kun san yadda muke. Har waccan shekara ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, in ya shigo ɗaki ni kan sami abin yi a waje. Tun da anka yaye shi ya koma sashen Alhaji Buba, wan Malam, wanda shi ne babban gida, mai rumfunan hatsi a kasuwa. Can ya girma, can ya koyi awo, can anka ba shi Luba ɗiyar Alhaji, uwarku ke nan. Ban ce an ƙwace mani shi ba. Al'ada ce, ni ma na yi alfahari da ita, ana cewa duk unguwa ba mai alkunya irin Kulu. Saratu kuwa auta ce, ita ce tawa. A gindin murhuna ta tashi, tana kallon yadda hayaƙin itace ke cin idona ina suyar gyaɗa tun safe har la'asar. Malam ne ya tsaya ta yi karatu. Da ta shiga jami'a ta ɗauki karatun injiniya na haɗa sinadarai, mata a ajinsu ba su cika hannu ɗaya ba. Ta taɓa yin wasu watanni tana koyon aiki a wurin siminti na Kalambaina, sunka yaba da ita, sunka ce in ta gama a shekarar akwai gurbi a ɗakin gwajinsu, ta zo da takardarta.

Aikin ƙarshe da anka ba ta shi ne wannan tanki. Da a makaranta za ta kafa shi, sai ruwa ya datse hanya, malaminta ya ce ta kafa a gida zai zo ya duba. Wani mai walda a bayan layinmu ya haɗa mata shi da ƙarfe mai kauri, tsayinsa ya kai ƙirjina. Ta sa anka kawo kashin shanu da abin cikin tumbi daga mahauta, ta dama da ruwa kamar mai dama fura, ta zuba ya wuce rabi, ta rufe, ta ɗaure murfin da noti ta liƙe ko'ina. A kai akwai agogo mai allura ɗaya, da famfo da sai an sa sifana yake juyawa, da wata 'yar roba inda take soka sirinji. Ta ajiye shi bayan gida kusa da turken awaki, inda rana ke duka. Kullum da hantsi sai ta je ta duƙa gabansa, ni kuma in bi ta da kujerata, don ni mutum ce mai son in san abin da ake yi a gidana.

"Wai mi kika kallo ga wanga agogo da ba shi faɗin lokaci?" na ce da ita.

"Inna, tankin ba shi ƙara faɗi, ba shi ƙara tsawo, yadda yake haka zai zauna. Abin da ke ciki yana ruɓewa yana haihuwar iska, iskar ba ta da wurin zuwa, sai ta riƙa tura bango. Ƙarfin turin shi allura ke nunawa."

"To ai ta hau. Kunna muna mu gani."

"Ba iska ɗaya ba ce. Biyu ne manya. Ɗaya tana cin wuta, ita muke so. Ɗaya kuwa irin wadda ke fita daga hancinmu ce, kashe wuta take yi. Kowacce tana tura nata turin kamar ita kaɗai ce a ciki, allura kuma ba ta san bambanci ba, haɗa su take ta faɗi jimla. Aikina shi ne in san kason kowacce, yau nawa, gobe nawa, har abin ya ƙare."

Sai ta nuna mani. Ta zuƙo iska kaɗan a sirinji, ta tura ta cikin ruwan soda irin ta masu sabulu, ta girgiza. Ruwan ya shanye marar amfanin, abin da ya rage a sirinjin shi ne mai cin wuta. A kwanakin farko ɗan mitsitsi ne ke ragewa. Ta ce haka abin yake, marar amfanin ke fara yawa, sai an yi haƙuri mai kyan ta taso ta rinjaye ta. Ta ce kuma ƙananan halittun da ke aikin a ciki ba su shiri da iskar waje, in anka buɗe ta shiga, sun mutu, lissafinta ma ya yanke a tsakiya, ba a ɗinke shi. Na gane sarai. Na ce ashe kamar buhun gero ne da anka cika da tsakuwa, nauyi na nan, tuwo babu. Ta yi dariya har ta zauna ƙasa, ta ce da ni anka sa a ajinsu da na fi wasu.

Alhaji Buba bai so tankin ba tun farko. Ya ce an kawo masa najasa gida, gidan da ake sallah. Saratu ba ta yi musu da shi ba, ta je ta gaishe da Malam Sani limamin masallacinmu, ya aiko cewa kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Alhaji ya haɗiye wannan, amma bai yafe ba. In ta zo gaishe shi da safe sai ya ce:

"A'a, injiniyar kashi! An tashi lahiya? Ya mutanen naki na cikin tukunya?"

Yaran gida sunka ɗauka, matan gida sunka ɗauka. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce suna gaishe shi. Haka anka yi ta yi har wani abu ya juya shi. Akwai wani abokin cinikinsa Bakano, Alhaji Ɗanlami, mai sayen gero da wake a wurinsa, wanda ba ya buɗe baki sai ya ambaci ɗansa likita. Wata rana a rumfa, don kada a bar shi a baya, Alhaji ya ce ai shi ma ɗiyarsa na nan tana fitar da gas na girki daga kashin shanu. Bakano ya ce sai ya gani da idonsa. Alhaji ya ce ya zo ranar sunanka. Tun daga ranar ya riƙa zagayawa bayan gida yana leƙen allura, yana ganin tana hawa, yana shafa gemu.

Ranar sunanka ta faɗo daidai da ranar da malamin Saratu ya ce ta haye ruwa ta kai masa abin da ta auna. Ta so ta ɗaga, ba hali. Da sassafe, kafin a shafa fatiha, ta ji ƙishin-ƙishin abin da Baffanta ke shiryawa, sai ta aika anka kira babanku ƙofar ɗakina. Ina ciki ina ɗaura kallabi, labule kawai ke tsakaninmu, kuma kunnena a lokacin ko allura ta faɗi ina ji.

"Yaya, don Allah don Annabi kada a taɓa tankin nan. Allura ta hau, amma mafi yawa ba mai cin wuta ba ce. Ko an kunna ba ta kamawa. In anka buɗe, shekarata ta tafi. Ka gaya wa Baffa ya ba ni ɗan lokaci, ni da kaina zan dafa masa shayi da shi gaban duk wanda yake so."

"Na ji," in ji shi. "Tahi abinki, ba mai taɓa shi."

Ta ɗauki sifanar ta ba shi a hannu, ta ce ya ɓoye. Ta ga shi ne babba, shi ne namiji, shi ne mai shiga wurin Alhaji. Da ni ta ba, da na jefa ta rijiya.

Anka raɗa suna, anka yanka rago, gida ya cika. Ina can wurin tukwane da mata muna fama da hayaƙi, hawaye na zuba kamar kullum, sai na ji muryoyin maza ta ƙofar baya. Na ajiye muciya na zagaya. Ga Alhaji cikin babbar riga mai aiki, ga Bakano da mutanensa, ga dattawan unguwa, sun kewaye tankin. An jona tiyo an kai shi ga wani ɗan murhun ƙarfe da Alhaji ya aro, an ɗora buta a kai. Babanku na tsaye da sifana a hannu. Na ja mayafi na rufe fuska, na tsaya daga nesa yadda ya kamata, na ce:

"Alhaji, a yi haƙuri. Yarinya ta ce bai nuna ba."

Bai ko dube ni ba. Ya nuna agogo da sandarsa ya ce da baƙi:

"Ku duba, ta kusa ƙarshe. Abu ya cika ana cewa bai nuna ba? Zancen mata na. Bello, buɗe."

Babanku ya sa sifana a famfo. To a nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da na haife shi. Gaban surukinsa, gaban baƙi, gaban dattawan da sunka san ni da alkunya tun ina amarya, na yaye mayafi na ɗaga murya na kira shi.

"Bello!"

Har awaki sunka daina motsi. Wani tsoho ya ce subhanallahi a hankali. Shi kuwa ya juyo ya dube ni. Wannan ne karo na farko da munka haɗa ido da shi yana babba, na ga ashe idon Malam gare shi. Ya daɗe yana kallona, ko kuwa ni ce na ga ya daɗe. Sannan ya dubi Alhaji. Sannan ya juya sifanar.

Iska ta fito da huci, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya game wurin, manyan riguna sunka koma kan hanci. Alhaji ya ƙyasta ashana ya kai bakin murhu, ta mutu nan take kamar an hure ta. Ya ƙyasta wata, ta mutu. Ya ce a ƙara buɗewa. Ya yi ta ƙyastawa, allura na sauka yana kallo, har kwalin ya kusa ƙarewa. Sai Bakano ya yi dariya, irin dariyar nan tasu mai fitowa daga ciki, ya ce:

"Alhaji, ai wannan ba gas ɗin girki ba ne, na kashe gobara ne. Ka kai wa 'yan kwana-kwana, za su saya."

Kowa ya fashe. Na ga wuyan Alhaji ya kumbura. Sai da baƙi sunka koma zaure, sannan ya kira masu yi masa dako ya ce a kwance murfin a kifar da ƙazantar nan a fitar masa da ita daga gida. Ina tsaye sunka yi. Abin ya malala har ƙofar turke. Da Saratu ta dawo da la'asar, da laka a ƙafarta ta bakin gulbi, fuskarta cike da murna don malaminta ya yaba, ta tarar da tankinta kwance a lungu kaji na tono a bakinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta cire agogon, ta goge shi da bakin hijabinta, ta shige ɗaki. Na fi son da ta yi kukan.

Washegari Alhaji ya tara gida a zaure, maza a ciki, mu mata a bakin ƙofar ciki. Ya ce yarinya ta tozarta shi gaban baƙi, ta ajiye masa abin ƙarya a gida tana ruɗin mutane da agogo. Saratu ta ce, murya ƙasa, ita ta faɗa kada a buɗe, ta faɗa wa Yaya. Alhaji ya juya.

"Bello, ta hwaɗa maka?"

Ina ganin ƙeyarsa daga inda nake. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Ban ji ba, Baffa."

Ku sake karanta wannan wurin. Buɗe tankin ban riƙe shi da zafi haka ba, na san mutum ne da ke ci a hannun wani, yake aure a gidan wani, aka ba shi umarni gaban jama'a. Amma wannan kalma ba wanda ya matsa masa sifana a hannu. Da ya ce ta faɗa na manta, da ya ce ta faɗa na ji nauyin Baffa, da duk ya wuce. Sai ya mayar da ƙanwarsa maƙaryaciya don ya zauna lafiya.

Alhaji ya yanke hukunci. Saratu za ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta faɗa da bakinta cewa abin nata bai yi ba. Karatu kuma ya isa haka, tunda an ga iyakarsa, ba za ta sake haye ruwa da sunan makaranta ba muddin tana cikin gidansa. Na ga Saratu ta fara matsawa za ta kai gwiwa ƙasa. Yarinya ce mai gudun fitina, irin Malam. Ni ba irin Malam ba ce. Na kama hijabinta ta baya na tsayar da ita, na tsallake dokin ƙofa na shiga zauren, wurin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba maza na zaune.

"Alhaji, tambaya ɗaya gare ni. Kai da ka tsuhwa cikin hatsi, ka taɓa sayen buhu don ka gan shi cike? Ba ƙarhe kaka soka mai ka ɗebo ka duba ko gero na ko tsakuwa ba? Wagga yarinya kullum sai ta soka ta duba, ta ce maku tsakuwa ta hi yawa, a jira. Kai ka ga buhu ya kumbura ka kira Kanawa. Wa ya tozarta ka?"

"Kulu, hita! Wanga wuri ba naki na ba."

"Zan hita, har gidan ma. Amma ɗiyar Malam ba ta durƙusa ma kowa kan gaskiyarta. Kuma na ji abin da ta hwaɗa ma wancan, ina bayan labule. In shi bai ji ba, ni na ji."

Ya ce in na fita kada in dawo. Na ce ko gawata kada a kawo. Wannan kalma ta ƙarshe ta yi yawa, in ji mutane. Ni har yau ban ga yawanta ba.

Kafin azahar na ɗaure kayana. Gidan da anka kawo ni ina yarinya, ɗakin da na haifi 'ya'yana, ɗakin da Malam ya cika a cikinsa kansa bisa cinyata, na fita na bar shi da tabon hayaƙina a bango. Matan gida sunka shige ɗakuna, ba wadda ta kama mani ko tabarma. Uwarku kaɗai, tana jego, ta leƙo ta taga tana rungume da kai, Mai-sunan-Malam, tana hawaye, wannan na shaide ta. Mai kura ya ɗora gadona da tukwanen suya. Na ce a ɗora tankin ma. Ya ce Hajiya wari yake. Na ce shi za a fara ɗorawa. Haka munka ratsa gari da rana tsaka, tsohuwa da budurwa a bayan kura da tankin kashin shanu, mutane na leƙe, har Mabera gidan ƙanwata Jummai, wadda ta ba mu ɗaki ɗaya da ɗan fili a bayansa.

Shekarar ta tafi kamar yadda Saratu ta faɗa. Malaminta ya yi iya ƙoƙarinsa, amma aikin da ya yanke a tsakiya ba a karɓarsa, lokacin sake wani kuma ya ƙure. 'Yan ajinta sunka fita, ita ta maimaita. Na koma suya a unguwar da ba wanda ya san ni, ina tura ƙuli gidajen da ban san masu su ba, ni da a Tudun Wada ake layi a ƙofata. Idona na hagu a wannan shekara ya ƙarasa. Ta sake cika tankin, ta sake rufewa, wannan karo sifanar a ƙarƙashin matashina take kwana. Munka jira. Kullum ta soka sirinji, kullum abin da ke ragewa yana ƙaruwa, har wata safiya ta ce Inna zo. Ta buɗe famfo kaɗan, ta ƙyasta ashana ɗaya. Wuta ta kama, shuɗiya, ba hayaƙi, ba ƙara, da ƙyar nake ganinta da idon da ya rage. Na kai hannu na ji zafinta. Jummai ta rangaɗa guɗa. Ni ban yi guɗa ba. Na sa anka je Tudun Wada anka ce da Alhaji, Kulu na gaishe shi, ta ce tanki ya nuna, ya zo da Bakanonsa da ashanarsa. Ba wanda ya zo. Ɗan aiken ya ce babanku na rumfar lokacin da ya isar da saƙon, yana awo, bai ɗago ba.

Saratu ta fita da sakamako mai kyau. Ta ɗauki takardarta ta tafi Kalambaina, sunka karɓe ta da mutunci, sunka ce gurbin na bara ne, an jira ta, an ba wani. Ba laifinsu. Yanzu tana koyarwa a makarantar 'yan mata, tana zana tankuna a allo, kuma ban taɓa jin ta ambaci wancan wuri ba. In motar siminti ta wuce mu a titi sai ta sami abin kallo a ɗaya gefen. Tana tsammanin ban lura ba don ido ɗaya gare ni.

Da Alhaji ya rasu na je gaisuwa, don ba da mutuwa nake faɗa ba. Anka shimfiɗa mani tabarma a tsakar gida cikin baƙi. Na leƙa ɗakina, buhunan wake ne har rufi. Babanku ya zo ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa. Na jira. Mutumin da yake tsoro yana cikin ƙasa, rumfuna sun zama nasa, ba sauran wanda zai ce masa buɗe. Ya ce an gode, Allah ya ba da lada, ya tashi. Duk azumi yana aiko mani da buhun shinkafa da na gero. Ina karɓa, in sa a raba wa maƙwabta a ƙofar gida, ko tsaba ɗaya ba ta shiga tukunyata. Ba hatsi nake jira ba. Kalma nake jira, ya je gaban ƙanwarsa ya ce na ji, kin faɗa.

To ga amsarka, Mai-sunan-Malam, kai da ƙannenka. Ban bar gidanku saboda kashin shanu ba. Na bar shi ne don an so ɗiyata ta durƙusa ta ce ta yi ƙarya alhali ba ta yi ba, kuma da za a maimaita ranar, da kurar zan fara kira kafin in shiga zauren.

Waɗanda sunka ga abin sun ƙare saura kaɗan. Alhaji Buba ya tafi, Malam Sani liman ya tafi, Jummai ta tafi bara waccan, Allah ya jiƙansu. Bakano an ce ya rasu a hanyar Kano, ban tabbatar ba. Mai waldar da ya haɗa tankin yana nan, amma ya kurmance, kada ku wahalar da kanku. Tankin ma yana nan bayan ɗakina, Saratu ta cire masa murfi muna tara ruwan sama a ciki. Uwarku Luba na nan, ta taga ta gani. Saratu na nan, ba za ta gaya maku komi ba. Ni ina nan, sai dai ba a san gobe ba.

Saura mutum ɗaya. Sau ɗaya na taɓa kiran sunansa a duniya bai amsa mani ba, yau zan kira na biyu, na ce da mai rubutu ta rubuta shi da kyau. Bello yana nan da ransa da lafiyarsa, kuna cin tuwo da shi kullum. Ku kai masa wannan takarda, ku karanta masa da ƙarfi, ku tambaye shi ko yanzu ya ji.